"Gidansu Akwai Hauka": Abin Da Binciken Tagwaye Ya Nuna Kan Gadon Taɓin Hankali

 

Duk wanda ya tashi a Kafanchan ya san irin wayar da ake bugowa gida daga Kudu idan maganar aure ta taso. Yaro yana Legas ya ga yarinyar da iyayenta asalinsu mutanen Jama'a ne, ko Zonkwa, ko Jagindi, sai a kira wani dattijo a nan a ce, "Baba, don Allah a bincika mana gidan su wane." Tambayoyin kuwa sanannu ne: asali, addini, sana'a, hali. Daga nan sai a sassauta murya: "Babu dai kuturta, babu farfaɗiya, babu hauka ko?" Kuturta yanzu kowa ya san ƙwayar cuta ce, kuma magani yana kashe ta. Amma ta ƙarshen nan har gobe tana rusa aure. Kalma uku kacal, "gidansu akwai hauka", sun isa a mayar da kayan sa rana. Kuma ba a kan yarinya ɗaya abin zai tsaya ba, ƙannenta da 'ya'yan baffanninta duk sai sun ɗanɗana.

To da gaske ne abin yana bin jini? Yana bi. Kakanninmu ba su yi ƙarya ba da suka lura yana yawan maimaituwa a wasu gidaje, har wasu suka raɗa masa suna iskokin gado. Sai dai yadda yake bin jinin ya sha bamban da yadda muke ɗauka, kuma yau kusan shekara 100 ke nan masana suna ƙirga shi da alƙaluma. Ni ba likita ba ne, ɗan mai fataucin shanu ne, amma lissafin nan ba ya neman digiri. Wanda ya iya ƙirga garke zai gane shi.

Da farko mu kwance bakin buhun, domin kalmar hauka a wurinmu buhu ce da muke zuba komai a ciki. Akwai cutar da likitoci ke kira sikizofireniya, wadda mutum ke jin muryoyin da babu mai yin su, ya riƙa zargin ana bin sa ko an sa masa guba a abinci, ya janye daga mutane. Kusan mutum 1 cikin 100 ne ke gamuwa da ita a tsawon rayuwa. Akwai baifola, mai hawa da sauka: wani lokaci mutum ya daina barci, ya yi ta surutu da rabon kuɗi kamar ya mallaki banki, wani lokaci kuma ya kwanta makonni ko wanka ba ya iyawa. Akwai ciwon damuwa mai tsanani. Sannan akwai abubuwan da ba sa cikin wannan lissafi sam amma muna zuba su a buhun: sambatun zazzaɓi mai zafi, illar sanƙarau, buguwar kai a haɗarin mota, ruɗewar tsufa. Wanda kansa ya juye bayan tirela ta kife da shi, babu abin da zai gadar wa ɗansa daga wannan.

Dabarar da masana suka bi don raba gado da abin da rayuwa ta jawo, ta tagwaye ce, kuma duk wanda ya taɓa shiga gonar citta a Kwoi ko Kachia zai gane ta nan take. Citta ba ƙwaya ake shukawa ba. Saiwar ake ɓallewa gutsure-gutsure a binne, kowane gutsure ya tsiro. Don haka tsiro biyu da suka fito daga saiwa ɗaya, iri ɗaya ne sak. Idan ɗaya ya yi kyau ɗaya ya lalace, ka san ba daga iri ba ne, daga ƙasa ne ko ruwa ko taki ko cuta. Manoman da annobar 2023 ta cinye wa gonaki ba sai an faɗa musu iri mai kyau kaɗai ba ya isa ba.

Tagwaye masu kama ɗaya haka suke. Ƙwai ɗaya ne ya rabu biyu a cikin uwa, saboda haka kusan duk ƙwayoyin halittarsu ɗaya ne. Su kuwa tagwayen da ba su kama, ƙwai biyu ne daban, tamkar wa da ƙane ne da suka zo rana ɗaya, kimanin rabin ƙwayoyin gado suke tarayya a kai. Hassan da Hassana, namiji da mace, irin na biyun ne. Hassan da Usaini kuwa suna iya zama kowane iri. To ga inda dabarar take: duka iri biyun ciki ɗaya suka kwana, nono ɗaya suka sha, tuwo ɗaya, tsakar gida ɗaya, makarantar allo ɗaya. Da a ce gida da tarbiyya ne kaɗai ke kawo cutar, da idan ta kama ɗaya, yiwuwar ta kama ɗan uwansa daidai take a duka iri biyun. Idan kuwa aka ga ta fi haɗa masu kama ɗaya, to jini ne ya kawo rarar.

Wani Baturen Ingila, Francis Galton, shi ya fara rubutu a 1875 cewa a duba tagwaye don gane wannan. A 1928 wani likita a Munik ta Jamus, Hans Luxenburger, ya gwada dabarar a kan masu sikizofireniya. Daga baya Irving Gottesman da James Shields suka bi tagwayen asibitin Maudsley da ke Landan ɗaya bayan ɗaya. A 1991 Gottesman ya tattara binciken Turai na shekaru masu yawa wuri ɗaya, sai lissafi ya ba da haka: idan ɗaya cikin tagwaye masu kama ɗaya yana da cutar, kashi 48 cikin 100 ɗan uwansa ma yana samun ta. Ga waɗanda ba su kama, kashi 17. Bincike mafi girma shi ne na ƙasar Denmak da ya fito a 2018. Su can kowane mutum yana da lamba, duk zuwansa asibiti a rubuce yake, don haka suka iya bin tagwaye sama da biyu-biyu 31,000 da aka haifa tsakanin 1951 da 2000. Suka sami kashi 33 ga masu kama ɗaya, kashi 7 ga waɗanda ba su kama.

Alƙaluman nan fuska biyu gare su, kuma yawancinmu ɗaya muke kallo. Fuskar farko: daga 1 zuwa 7 zuwa 33, gwargwadon kusancin jini gwargwadon hauhawar haɗari. Wanda ya ce babu ruwan gado a ciki, to ya yi gardama da ƙirga. Fuska ta biyu kuwa ita ce ta fi ba ni mamaki. Mutum ne fa da ɗan uwansa, saiwa ɗaya, fuska ɗaya, har uwarsu takan kira wannan da sunan wancan. Ɗaya ya kamu. Amma a cikin irinsu 100, guda 67 sun ci gaba da rayuwarsu lafiya lau. Idan wanda ya kwashe jinin mara lafiya gaba ɗaya ya fi kusa da tsira a kan kamuwa, ina ga 'yar ƙanensa?

Akwai waɗanda suka kalli fuskar farko kaɗai, kuma duniya ta ga inda suka ƙare. Maigidan Luxenburger a Munik, Ernst Rüdin, yana cikin waɗanda suka tsaya wa dokar gwamnatin Hitila ta 1933, wadda da ita aka yi wa mutane kimanin 400,000 aikin hana haihuwa da ƙarfin tsiya, da sunan tsarkake jini. Daga baya aka koma kashe majinyata a asibitoci. Na kawo wannan ne don kada a ɗauka Bature da iliminsa ya fi ƙarfin wannan kuskure.

Mai hankali zai iya cewa: tsaya malam, ai tagwaye masu kama ɗaya an fi haɗa su a komai. Anko ake musu, tare ake aikensu, tare ake dukansu. Watakila wannan ne ya haɗa su a ciwo, ba jini ba. Tambaya ce mai kyau, kuma masana sun yi wa kansu ita. Amsar ta fito daga 'ya'yan riƙo. A 1966 wani likita a jihar Oregon ta Amurka, Leonard Heston, ya nemo mutum 47 waɗanda uwayensu ke kwance da sikizofireniya lokacin da suka haife su, aka ɗauke su tun suna 'yan kwanaki aka ba wasu riƙo. Ba su tashi a hannun uwar ba, ba su ga ciwonta ba. Biyar cikinsu sun kamu da suka girma. A cikin wasu 'ya'yan riƙo 50 da uwayensu ke lafiya, ko ɗaya bai kamu ba. Ka ga dai jini ya bi su har gidan riƙo. Ka kuma ga cewa 42 cikin 47 bai kama su ba.

Wani binciken da ya fi wannan ɗaure kai shi ne wanda Gottesman da Aksel Bertelsen suka fitar a 1989, a Denmak ɗin dai. Suka ɗauki tagwaye masu kama ɗaya waɗanda ɗaya ya kamu ɗaya bai kamu ba, suka duba 'ya'yansu. 'Ya'yan mara lafiyar, haɗarinsu kusan kashi 17. 'Ya'yan lafiyayyen, su ma kusan kashi 17. Gidajen da aka ƙirga ba su da yawa, amma saƙon a fili yake: mutum yana iya ɗauke da abin, bai taɓa nuna masa ba har ya mutu, ya miƙa wa na baya. Makiyayi ba zai yi mamakin wannan ba. Farin bijimi Bunaji da farar saniya sukan haifi maraƙi mai dabbare-dabbare, a yi ta tunanin daga ina, alhali wata kaka ce can baya ta leƙo. Malamanmu ma sukan kawo labarin mutumin da ya zo wa Annabi (SAW) yana shakkar ɗansa saboda launin fata, aka tambaye shi ko jajayen raƙumansa sukan haifi mai launin toka. Da bakinsa ya amsa cewa sukan haifa, kuma wata jijiya ce ta kakanni ke jawowa, sai aka nuna masa ɗan nasa ma haka ne.

Yanzu ga lambar da ta fi rikita mutane. Za ka ga an rubuta a Facebook cewa kashi 80 na sikizofireniya gado ne. Lambar gaskiya ce, binciken Denmak na 2018 ya ba da 79. Amma ba tana nufin ɗan mara lafiya yana da haɗari kashi 80 ba, ko kusa. Ɗauki garke a Ladduga. Wata saniya tana ba da madara da yawa, wata kaɗan. Tambayar ita ce, wannan bambanci da ke tsakanin shanun garken, nawa ne daga iri, nawa ne daga kiwo? Idan duk wuri ɗaya suke kiwo, rafi ɗaya suke sha, to yawancin bambancin daga iri zai fito. Idan kuwa rani ya yi tsanani, aka ware rabi ana ba su dusa da ƙuli, rabi aka bar su da kara, sai lissafin ya juya, alhali jinin shanun bai canza ba. Wato lambar tana magana ne a kan garke gaba ɗaya, a wani wuri, a wani zamani. Ba ta san sunan saniya ko ɗaya ba.

Abin da ya ƙara rikita mu, ina ganin, sikila ce. Mun koyi darasinta da kyau: AS ya auri AS, kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 ya zo SS. Ƙwayar gado ɗaya ce tak, gwajin jini ɗaya ya nuna ta, har jihar Kano ta yi doka a 2024 cewa sai an gwada kafin ɗaurin aure. Sai muka ɗauka kowane ciwon gado haka yake tafiya. Taɓin hankali ba haka yake ba. A 2014 masana suka gano wurare 108 a cikin ƙwayoyin halittar ɗan Adam da ke da alaƙa da sikizofireniya. A 2022 adadin ya kai 287, kuma kowane ɗaya tasirinsa ɗan mitsitsi ne. Ni da kai da limamin unguwarku, kowa yana ɗauke da wasu daga ciki. Bambancin kawai wani nasa sun taru da yawa, wani kaɗan. Shi ya sa babu wani gwajin jini da zai ce wannan yarinyar za ta kamu, waccan ba za ta kamu ba. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya gwada maka jinin amarya a kan hauka, aljihunka yake gwadawa.

Misalin da ya fi zauna mini shi ne na lodi. An loda shanu a tirela daga nan za a yi Legas ta Lakwaja, ko a yi Inugu ta Makurɗi. Mota ɗaya, rana ɗaya, ramukan hanya ɗaya. A isa kara, yawanci suna tsaye, ɗaya ko biyu sun kwanta. Duk dillali ya san wanda ya kwanta galibi tun daga gida bai da ƙwari. Amma kuma ya san wannan san, da an rage cunkoso, an shayar da shi kafin lodi, motar ba ta lalace ta kwana biyu a hanya ba, da da ƙafarsa zai sauka. Akwai kuma tafiyar da in ta yi muni, har ƙaƙƙarfan sai ya durƙusa. Ƙwarin da aka fito da shi, shi ne gado. Hanyar kuwa ita ce abin da rayuwa ta ɗora. Na farkon ba a hannunmu yake ba. Na biyun, wani sashe nasa a hannunmu yake.

Babba a ciki ita ce wiwi. A Suwidin an bi samari sama da 45,000 da aka ɗauka aikin soja har tsawon shekara 15, sakamakon ya fito a 1987: waɗanda suka sha wiwi fiye da sau 50 kafin a ɗauke su, sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba sau 6 wajen kamuwa da sikizofireniya. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi a Najeriya a 2018 ya nuna mutum miliyan 10.6 ne ke shan ta. Ba sai na faɗa muku abin da ke faruwa a bayan kara da tashar mota da dare ba, kun fi ni gani. Ga kuma ƙanƙarar nan da mutanen Gabas ke kira mkpuru mmiri, wadda ita kaɗai tana iya juya kan wanda babu kowa mai ciwo a danginsa. Yaro zai ce maka ai abokinsa shekara goma yana sha bai haukace ba. Gaskiya ne. Ba ƙwarinsu ɗaya ba. Wanda yayansa ko mahaifinsa ya taɓa kwanciya da wannan ciwo, shi ne mutum na ƙarshe da ya kamata ya kusanci hayaƙin nan.

Sauran abubuwan sun haɗa da doguwar naƙuda da jariri ya galabaita, da yunwa lokacin goyon ciki. A Holan, 'ya'yan da aka ɗauki cikinsu a tsakiyar yunwar 1944 zuwa 1945 haɗarinsu ya ninka biyu. Sai tashin hankali a ƙuruciya: duka, fyaɗe, maraici, ganin abin da bai kamata yaro ya gani ba. Wannan kam mu mutanen Kudancin Kaduna ba labari za a ba mu ba. 1987 a Kafanchan, 1992 a Zangon Kataf, 2011, 2016. Yaran da suka kwana a daji ko a barikin 'yan sanda a waɗancan ranaku, Musulmi da Kirista, Bahaushe da Bafulatani da Bajju da Atyap da Kaninkon, yau su ne samari da iyaye. Ku ma kun ga Shagamu a 1999, kun ga Shasha a 2021. Idan saurayi ya fara jin muryoyi, kafin a ce daga dangin uwarsa ne, a tuna abin da idonsa ya gani yana ɗan shekara tara.

Mu dawo kan auren da lissafi a hannu. Wani bincike na Denmak da ya fito a 2010, wanda ya duba mutane miliyan 2.7, ya nuna idan ɗaya cikin iyaye yana da sikizofireniya, kashi 7 cikin 100 na 'ya'ya ne ke kamuwa. Tsohon lissafin Gottesman ya kai shi 13. Idan iyayen biyu duk suna da ita, ya haura zuwa 27, wannan kam abin tsayawa a yi shawara da likita ne. Wanda ɗan uwansa uwa ɗaya uba ɗaya ke da ita, kusan 9. Wanda baffansa ko kawunsa ko gwaggonsa ke da ita, 'yan kaɗan ne, bai wuce 4 ba. Ɗan baffa da ɗan baffa, 2. Ka tuna kowa ma yana da 1. Wato yarinyar da aka fasa aurenta saboda ƙanen mahaifinta yana yawo a kasuwa, a cikin irinta 100, sama da 95 babu abin da zai same su. 'Ya'yan da za ta haifa kuwa sun ƙara nisa da abin.

Ga kuma ɗaya gefen da masu bincike ba sa so su ji: kusan 9 cikin 10 na masu wannan cuta, iyayensu biyu lafiyarsu ƙalau. Gidan da dattijo ya ce maka "wankakke ne" ba takardar tabbaci ya ba ka ba. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, binciken nan wa yake kamawa? Talaka ne, wanda mara lafiyarsa ya fita titi kowa ya gani. Mai hali yana da ɗakin baya, yana da kuɗin kai nasa Kaduna a ɓoye a ce ya tafi karatu.

Baifola ma jini yana da ƙarfi a cikinta. A tagwayen Maudsley, binciken 2003 ya sami kashi 40 ga masu kama ɗaya, kusan 5 ga waɗanda ba su kama. Ciwon damuwa kuwa rabon gado a cikinsa bai kai rabi ba, kimanin kashi 37, sauran duk rayuwa ce: bashi, rashi, karayar jari, zaman aure mara daɗi.

Inda nake ganin ya kamata mu fi sa ido, kuma nan ne ba ma sawa, shi ne auren zumunci. A zango mutane kaɗan ne, kowa yana son nasa, sai a yi ta haɗa 'ya'yan wa da ƙane. Muna gudun bare saboda baffanta, mu aurar da 'ya'yanmu ga juna alhali kaka ɗaya suka haɗa, kuma kowa ya san kakar ta yi fama. Wani bincike a Ireland ta Arewa a 2018 ya nuna 'ya'yan da iyayensu 'ya'yan wa da ƙane ne sun ninka saura kusan sau biyu wajen karɓar maganin taɓin hankali mai tsanani. Ban ce auren zumunci haramun ba ne, wane ni. Na ce idan ciwon ya bayyana a reshen da ango da amarya suka haɗu a kai, to a nan ne tambaya take da amfani.

Kusan duk alƙaluman nan daga Turai da Amurka suka fito, abin da ke da ban haushi, domin ƙasar tagwaye ai nan ce. Ku da ke Oyo kun san Igbo-Ora, garin da ake wa kirari da hedikwatar tagwayen duniya, inda aka taɓa ƙirga kimanin haihuwar tagwaye 45 a cikin kowace 1,000. Yawancinsu dai irin waɗanda ba su kama ne, domin masu kama ɗaya kusan 4 ne cikin 1,000 a ko'ina a duniya. Amma akwai abin da ƙasar nan ta koya wa duniya. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abekuta: maimakon a kulle majinyaci, sai a sauke shi a gidajen ƙauye tare da wani ɗan uwansa, yana zuwa asibiti karɓar magani. Da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kwatanta masu sikizofireniya a ƙasashe tara, Ibadan na cikin wuraren da majinyata suka fi samun sauƙi, sun fi na manyan biranen Turai. Masana suna ta muhawara kan dalili, amma da yawansu sun nuna dangi da rashin yar da mutum.

To mene ne amfanin sanin tarihin gida, in ba don fasa aure ba? Amfaninsa a gane ciwon da wuri. Sikizofireniya ta fi fitowa daga ƙarshen shekarun balaga zuwa wajen 30, maza sukan riga mata. Gidan da suka san akwai shi, idan saurayi ya daina barci, ya daina wanka, ya kulle kansa a ɗaki, ya fara cewa maƙwabta da shi suke, ba za a ɓata shekara biyu ana cewa sammu ne na abokan kasuwa ba. A yi addu'a, a yi ruƙiyya, amma a tafi asibiti a makon, domin gwargwadon daɗewar ciwon babu magani, gwargwadon wahalar dawowa daidai. Mari da sarƙa kuwa ba magani ba ne, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba majinyaci haƙƙin a mutunta shi.

Mata masu jego su ne suka fi cin moriyar faɗin gaskiya. Rikicewar hankali bayan haihuwa tana samun mace 1 zuwa 2 cikin 1,000, yawanci a makonni biyun farko, daidai lokacin da ake hidimar suna da wankan jego. Amma ga macen da ke da baifola, haɗarin yana kai 1 cikin 5. Idan an ɓoye wa miji, ranar da abin ya zo ba zai san me yake gani ba, ga jariri a hannunta. Idan kuwa ya sani, likita ya sani tun tana awo, ana shirya mata magani da mai kwana da ita, kuma ciwo ne da ake warkewa daga shi.

Asibitocin gwamnatin tarayya na wannan fanni suna kusa da yawancinku: Yaba a Legas, Aro a Abekuta, Uselu a Benin, da na Inugu da na Kalaba. Na Ibadan kuma akwai sashen a asibitin koyarwa na UCH. Mu a nan gida Barnawa muke zuwa a Kaduna, ko asibitin koyarwa na Jos. Likita zai tambaya ko akwai wani a dangi da ya taɓa irin wannan. A faɗa masa waye, ta wajen uwa ko ta wajen uba, yana da shekara nawa ya fara, ko yana shan wani abu, kuma wane magani ne ya yi masa aiki, domin a baifola an lura maganin da ya karɓi uba sau da yawa yakan karɓi ɗa. Idan tsohon katin asibitin ko kwalin maganin yana nan Kafanchan a ƙasan akwatin Hajiya, a bugo waya a ɗauki hotonsa a tura.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.